Jirgin da Na Gaisar a Baro

Ni Ɗanbaba na riga kowa jin jirgin ruwa ya yi magana, tun shekarar da teku ta iso Baro. Yanzu tsofaffin jirage ake kawo mana mu farfasa da hannu, don injuna sun ƙi taɓa 'yan'uwansu.

Ban taɓa sa wa jirgi wutar yankan ƙarfe ban gaishe shi ba. Jiya na ce wa wani, "Sannu da hanya, dattijo."

Ya ce, "Yauwa, Baba. Kada ku yanka ta hagu, gas ne fal, ga mutanenka a ciki."

Muka yanka ta dama, dukanmu muka fito da rai. Na yi masa godiya, sannan na tsinke wayar muryarsa da hannuna.

Mai musu ya zo gobe, ya yanka bai gaisa ba.