Littafin Baban Barmani

Tun da na'ura ta iya kwaikwayon muryar kowa da fuskarsa, kotu ta daina karɓar kowace shaida sai tsohon rubutun hannu. Shi ya sa Barmani ta yi sammako zuwa gidan adana takardu. A can aka ajiye littafin da mahaifinta ya rubuta sunayen waɗanda suka ƙone ƙauyensu.

Malam Jatau, dattijon da ke kula da gidan, ya miƙa mata littafin ke nan sai aka banke ƙofar waje. Ya tura ta bayan akwatuna.

Ƙarti huɗu suka shigo da adduna da jarkar fetur.

"Baba, ina takardun Tanko Maiyadi?" in ji babbansu, yana nufin mahaifin Barmani.

"Ɗana, amanar matattu ce. Ba ni da ikon bayarwa."

Babban nasu ya sare shi a kafaɗa, ya ƙara masa a wuya. Jini ya fantsama kan wasiƙun mutane. Barmani ta ciji hannunta don kada ta yi ihu. Da ta ji warin fetur, sai ta naɗe littafin cikin zani, ta goya shi, ta yafa mayafi ta fito.

Mai addar ya tare ta, ya dubi tudun da ke bayanta.

"Wuce, uwar goyo, hayaƙi ba ya yi wa jariri kyau. Allah ya raya."

"Amin," in ji Barmani. Ta tsallake gawar Malam Jatau, ta nufi kotu.