Goyon Tafkin Mandera

Balaraba ta faɗa tafkin bayan Mandera har wuya, ta cafko ɗiyarta Jamila da ta hango tana nutsewa. Tsofaffi sun ce abin da ke cikin ruwan nan ba ya sakin wanda ya kama, amma yau ya saki ba gardama.

Ta goya yarinyar, ta nufi gida tana salati. Jikin sanyi ƙarara, nauyi kuma sai ƙaruwa yake.

Tana shiga gida ta tarar da Jamila gindin rumbu tana shan fura, ko ɗigon ruwa babu a jikinta.

Yarinyar ta ɗago kai. "Inna, wa kig goyo?"

Hannuwan da ke wuyan Balaraba suka fara matsewa.