Yaron da Bishop Ya Ɗauka

Baturiyar ta ajiye tsohon littafin a kan tebur, ta dafe shi da hannu. "Kakana ne ya rubuta, lokacin yana bishop a ƙasarku. Ka tabbata kana son ji?"

Gumi ya keto wa ɗan kasuwar da ke zaune a gabanta duk da sanyin ofishinta da ke unguwar Al Khabaisi, can ƙasar Larabawa. Wata uku ya yi yana cigiyarta, yau har ya bar kayansa a kasuwar Naif ba a ɗaure ba. Mahaifinsa na kwance a Kano, rai a hannun Allah, kuma tambayarsa ɗaya ce: ina wansa, wanda bishop ɗin Angilika ya ɗauke a mota zamanin Turawa? Shekara saba'in ana cewa a gidansu an sace yaron, an raba shi da addininsa.

"Karanta," ya ce.

Ta karanta a hankali. Uban yaron ne da kansa ya miƙa shi ga bishop a ɓoye, saboda kuturta ta kama yaron. Shekara biyu bishop yana wanke masa gyambo da hannunsa. Daga baya yaron ya rasu.

"A wane addini ya mutu?" ya tambaye ta.

Ta juya shafi. Ranar da yaron ya cika, bishop ya taka har cikin gari, ya roƙi liman ya zo da jama'arsa. Shi kuwa ya tsaya daga nesa, hularsa a hannu, har aka rufe kabarin.

Ɗan kasuwar bai jira ya fita ba, ya kira gida. Aka kara wa tsohon waya a kunne.

"Baba, an yi masa salla."