Rigar da Ta Yaudari Sikeli

Mai Labule ta shekara goma sha huɗu a kan keken ɗinki. Sirrin aikinta shi ne ƙananan dunƙulen dalma da take ɗinkewa a gindin labule, don kada iska ta riƙa ɗaga shi. Haihuwa huɗu da zaman keke sun sa ta yi jiki, amma lafiyarta ƙalau. Ba ciwon suga, ba hawan jini, da bandir ɗin yadi a ka take hawa bene. Ciwonta guda ne, bakin mijinta.

"Randa, matsa in wuce," haka yake ce mata a gaban 'ya'yanta. Shi kuwa direban babbar mota ne, tumbinsa har gogar sitiyari yake yi, amma bai taɓa duban kansa ba.

Ran nan ya dawo da labari, wai ana yin tiyatar rage tumbi, mutum ya koma kamar saurayi ko budurwa. Ya tasa ta gaba sai asibiti.

Likitar dattijuwa ce. Ta auna tsawonta, ta sa ta cire mayafi da takalmi ta hau sikeli, kilo tamanin da takwas. Ta duba sakamakon jini, sannan ta ajiye biro.

"Baiwar Allah, wannan aiki ba naki ba ne. Na wanda ƙiba ta kai shi ga halaka ne, ko ta haɗa masa da suga ko hawan jini, ya gwada gyaran abinci da motsa jiki aka rasa mafita. Kuma wanda aka yi wa, shi da ƙwayoyin ƙarin sinadari da zuwa asibiti har ƙarshen ransa. Ki ba ni wata shida mu gyara cin abincinki. Amma tsaya, wa ke son aikin nan, ke ko wani?"

Mai Labule ta sunkuyar da kai. Mijin ya yi caraf ya ce, "Likita, ni na kawo ta, ni za ki tambaya."

"Ai ba cikinka za a yanka ba, Malam."

Ya fito yana huci, yana cewa tsohuwar ba ta san aiki ba. Kafin mako ya zagayo ya samo wani ƙaramin asibiti a saman bene. A waya aka gaya masa mai irin tsawon matarsa sai ta kai kilo casa'in da biyar kafin a yi mata aikin.

"Kilo bakwai kacal ya rage," ya ce mata. "Ke da kike sa wa labule nauyi, ki kasa sa wa kanki?"

Ku ji rashin tunani! Ita ma da ta gaji da gori, sai ta biye masa. Ta ɗauko doguwar riga mai shafi biyu da siket na ciki, ta jera dalma layi-layi, ta bi da ɗinki mai kyau wanda ido ba ya kamawa. Kwana biyu ta yi tana aikin. Bata taɓa yin ɗinkin da ya kai wannan tsafta ba.

A can babu wanda ya ce ta cire ko da ɗankwali. Ma'aikaciyar jinya ta leƙa sikeli ta rubuta casa'in da biyar, idonta na kan waya. Ba a tambaye ta me ta gwada a baya ba, ba a tambaye ta ko ta san abin da zai biyo baya ba. Aka sa rana, aka yanka.

Watan farko mijin har tafi yake yi. A wata na uku abinci ya ƙi zama, cokali uku sai amai. Ta ce ya kai ta a duba ta, ya ce, "Ai aikin ne yake ci, ki yi haƙuri." Ƙwayoyin da aka rubuta mata suka ƙare, ya ce mai lafiya ba ya shan magani. Gashinta ya fara bin mataji. Sannan tafin ƙafarta ya soma yi mata kamar tana taka auduga.

Wata safiya ta zauna a keke, ta ɗora ƙafa a mataki, ba ta ji ƙarfen ba. Ta danna, keken bai motsa ba. Ta miƙe, ta zube a kan yadin mutane.

Wurin dattijuwar likitar nan aka kwashe ta. Kilo arba'in da tara. Likitar ta gane ta, ta soka mata tsinke a yatsun ƙafa, Mai Labule ba ta ji komai ba.

"Jijiyoyin sun ji jiki saboda rashin sinadari. Za mu yi iyakar ƙoƙarinmu, amma ban yi miki alkawarin keke ba. Yaya aka yi wani asibiti ya karɓe ki har aka yi miki aikin?"

Mai Labule ta faɗa mata komai tana kuka. Likitar ta juya za ta wanke mijin, sai ta ga kujerarsa wayam. Yana waje yana gaya wa wani a waya cewa matar ta zama kamar sillen kara, ko kallonta ba ya iya yi.

Da aka sallame ta, ta sa babbar 'yarta ta ciro rigar nan daga ƙasan akwati, tana so ta farke dalmar ta zubar. Mai Labule ta kama rigar da hannu biyu ta ja. Ta kasa ɗaga ta.

Jama'a, tiyatar rage ƙiba magani ce ga wanda ƙiba ta zame wa cuta, wanda likita ya tantance, wanda kuma shi da kansa ya yarda zai kula da jikinsa har abada. Ba a yin ta don a rufe bakin mai gori. In likitan kirki ya ce ba ka cancanta ba, kada ka je neman wanda zai ce maka to.