Rakiyar Suruki

Bar tabarmar nan, ɗan nan, ni zan shimfiɗa abata. Jiya-jiya aka yi maka aiki a baya, yau har kana neman sunkuyawa don gwaggonka ta zo dubiya? Jingina da kyau in ba ka misalin wani marini.

Mutumin nan tun yana saurayi yake duƙe a bakin karofi, yana tsoma zane cikin baba yana tsamowa, har ciwon baya ya zame masa abokin kwana. An yi ƙaho, an sha saiwa, an shafa man zafi, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai da likitoci suka yi masa aiki. Da za su sallame shi suka ce in yana so ya koma sana'arsa, ya riƙa takawa kaɗan-kaɗan kullum, amma ban da sunkuyo, ban da ɗaukar kaya. To, ka san mu da dubiya. Kowa ya shigo da kwanon kunu sai ya ce kwanta ka huta, shi kuwa ya yi ta kwanciya. Ga shi da kunya, bai taɓa gaida babba a tsaye ba. Ranar da uban matarsa ya yi sallama, kafin a tare shi ya zame daga gado ya durƙusa har ƙasa. Wani zafi ya soke shi daga ƙugu zuwa tafin ƙafa, sai da aka koma asibiti. Allah ya sa aikin bai ɓaci ba, amma tsoro ya riga ya shige shi, ko ƙofar ɗaki ya daina kaiwa. Ƙafafu suka fara ramewa. Matarsa ta yi lallashi ta gaji, ta koma kuka a madafa.

Abin ya taɓa tsohon ƙwarai, don ya san saboda shi aka durƙusa. In ya daina zuwa ya yar da zumunci, in ya shiga ɗakin za a sake zubewa ƙasa. Sai ya zo da hantsi ya tsaya a bakin ƙofa, ya miƙa hannu ya ce, "Ba zama zan yi ba. Idona ya yi rauni, taso ka raka ni." Wa zai ce wa suruki a'a? Kuma wanda ke riƙe da hannun tsoho ba shi da damar durƙusawa. Marini ya miƙe yana gumi, suka lallaɓa har zaure, tsoho ya ce ya isa, ya koma. Washegari ma haka. A hankali rakiya ta kai bakin rijiya, daga baya ta kai masallaci. Ranar da tsoho ya ga fuskar marini ta canza don zafi, sai ya ce tasa gwiwar ce ta ƙi yau, su juya. 'Yan unguwa har tsokana suke yi, wai ba a san mai raka wani ba. Damina ta wuce, kaka ta shigo, wata safiya rakiya ta kai su bakin karofi. Marini ya tsaya sambal, ya shaƙi warin baba, hawaye suka zubo masa. Abokan aiki suka miƙa masa doguwar sanda ya motsa rinin a tsaye. Tsoho ya sakar masa hannu, ya sa albarka, ya kama hanyar gida shi kaɗai, ko tuntuɓe bai yi ba.

Kai ma haka nake so ka bi da bayan nan naka, kada ka yi masa gaggawa, kada kuma ka ji tsoronsa. Ai Hausawa sun ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.