Rundunar Albasa

Ƙamshin busasshiyar albasa kan mayar da ni rumfar Kawu a Aliero, wata la'asar ina ƴar yarinya. Falken albasa ne, dawowarsa ke nan daga Ikko. Ya shimfiɗa buhu, ya ce daji ne. Ƙananan albasa su ne mayaƙa, ƙwallon goriba kuma dodo. Jarumata wata ƴar ja ce mai tsiro a ka.

Ya ce, "Ke za ki bi ta bayan dutsi, ki tare shi ke ɗai."

Na dubi dodon, sai na ga kamar yana numfashi. "Kawu, in ya cinye ni fa?"

"No shekin."

"Mi ke nan?"

"Turancin ƴan tasha ne. Ko gwiwarki na rawa, kada ki bari a gani."

Muna cikin shiri Inna ta kwashe rundunar ta yanka a miya. Ba mu taɓa gwabza yaƙin ba.

Shekaranjiya na je duba Kawu a asibiti, gwiwata na rawa. Ya dubi ƙafafuna, ya yi murmushi.

"Na gani, ɗiyata. Amma ba ni faɗa ma dodo."