Rigar da Ba a Ninka Yadinta Ba

Ranka ya daɗe, tun da ka ce kun san abin da ya dace da mutane ko ba ku tambaye su ba, ka ba ni aron kunnenka in kawo maka misali.

An yi wata ɗaliba mai doro, wadda ƙashin bayanta ya karkace tun tana ƙarama, har kafaɗarta ta dama ta ɗara ta hagu tsawo. A shekararta ta ƙarshe a jami'a, 'yan ajinsu suka zaɓe ta ta yi jawabi a madadinsu ranar walimar sallama. Ta ƙudura cewa ba za ta hau dandamali da irin rigar da aka saba ɗinka mata ba. Tun tasowarta, duk telan da aka kai ta wurinsa ba ya ko miƙa hannu ga tef ɗin awo. Kallo ɗaya yake yi mata, ya yanka mata bubu mai faɗi, ya ce ya rufa mata asiri. Ita kuwa ta san abin da bubun ke yi mata: ya rataye a kan doron, gefen hagu ya zubo har ƙasa, kullum hannunta ɗaya yana tattare da shi don kada ta taka ta kife. Rigar da take so daban ce. Ta gan ta a hoto, irin ta Turawan da, wadda ake kira gotik: baƙin karammiski har idon sawu, dogon wuya, hannaye masu buɗewa kamar bakin kakaki, da baƙin leshi a gefuna, da igiyar da ake zargawa a ɗaure daga ƙirji zuwa ƙugu. Ta kai hoton da yadinta wurin telan da ya fi suna a unguwarsu. Ya dubi hoton, ya dube ta, ya tura mata kayanta, ya ce, “Baiwar Allah, irin jikinki ɓoye shi ake yi.” Ta tattara kayanta. Ta koma gida ta jawo tsohon keken ɗinkin mahaifiyarta zuwa bakin ƙofa, inda haske yake.

Ƙarshen kaka ne, an yanke dawa an jingine kara, sanyin safiya ya fara sandarar da yatsu. Ta yi yadda ta ga kowane tela yana yi: ta ninka yadi biyu, ta zana da alli, ta sa almakashi ta yanke dama da hagu a lokaci guda. Da ta harhaɗa ta saka, sai dama ta shaƙe ta har numfashi ya yi mata wuya, hagu kuma ta yi lako-lako kamar buhun da aka zazzage. Rabin karammiskin ya tafi a banza, abin da ya rage ba zai ba da riga biyu ba. Mahaifiyarta, wadda tun farko ta ce baƙar riga sai ka ce gidan makoki, ta lallashe ta da ta haƙura ta ɗauko bubunta. Ɗalibar ta zauna tana juya ɓatattun ƙyallayen, har ta gano inda kuskuren yake. Mai ninka yadi ya riga ya yanke hukunci cewa ɓarin jiki biyu daidai suke, tun kafin ya dubi mai jikin. Sai ta ɗauko tsohon zane ta roƙi mahaifiyarta ta lulluɓa mata a baya. Uwar tana maƙala allurai, ita tana faɗa mata inda ya matse, da inda ya saki, da inda ɗinki zai goge ta idan ta ɗaga hannu. Da uwar ta so ta bar sarari a kan doron don kada ya fito, sai ta ce, “Inna, bi shi yadda yake. Ba sato shi na yi ba.”

Ta shimfiɗa sauran yadin falle ɗaya, ta bi awon da suka fitar a jikin zanen ta yanka kowane gefe shi kaɗai, babu ƙyalle biyu masu kama da juna. Taka keken yana tayar mata da ciwon baya, don haka ta riƙa juya shi da hannu. Karammiski yana zamewa a ƙarƙashin allura, ta farke, ta sake, ta farke, ta sake. Leshin wuya da hannu ta ɗora shi, ɗinki bayan ɗinki. Da ta gama ta rataye rigar a ƙusa, maƙwabta suka leƙo suka yi ta ƙus-ƙus, domin a rataye karkatacciya ce: kafaɗa ɗaya sama, gefe ɗaya gajere, kamar aikin wanda bai taɓa riƙe almakashi ba. Amma da ta zura ta, ta ja igiyar ta ɗaure, sai bakin rigar ya daidaita da ƙasa ta kowane gefe. Ranar walima ta hau matakala hannayenta biyu a sake, doronta a bayyane cikin baƙin karammiski, ta tsaya ta yi jawabinta har ƙarshe.

Telan nan ya fi ta sanin ɗinki nesa ba kusa ba, ranka ya daɗe, amma bai taɓa kwana a cikin jikinta ba. Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.